GAYYAR FIHIRISA: KIRA GA MATASAN BIRNIN KUDU DA GWARAM



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, maza da mata, yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ake gani ƙarami ne, alhali rashinsa yana yi mana ɓarna kullum. Ina nufin adana adireshin shafukan ilimi da muke cin karo da su a intanet. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da matasan wannan yanki namu na kudancin Jigawa za su haɗu su gina fihirisa guda ta shafuka masu amfani, su ɗora ta a kan buɗaɗɗiyar manhaja wadda ba mallakar mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ba ce, su yi aikin a gayyance, su kuma ɗauke shi a matsayin waƙafi. Ga dalilaina.

Halin da muke ciki

Kowannenmu ya san wannan. Ka samu karatun wani malami da ya warware maka mas'alar da ta daɗe tana damunka, ko littafin Larabci da ka shekara kana nema, ko shafin da ke bayanin yadda ake neman tallafin karatu. Ka ce bari ka dawo gare shi. Bayan wata biyu ɗan uwanka ya tambaye ka, sai ka shiga lalube a cikin saƙonnin WhatsApp dubu, ko ka tarar wayar da ka ajiye shi a ciki ta lalace, ko an sace ta. Abin da ɗalibi a Babaldu ya wahala ya gano, ɗalibi a Basirka zai sake wahala daga farko kafin ya gano shi, domin babu inda wahalar ɗayan take haɗuwa da ta ɗayan.

Matsala ta biyu ta fi wannan muni. Abin da ke yawo a tsakaninmu galibi ba shi da asali. Duk malamin Islamiyya ya saba da ɗalibin da zai miƙo masa waya ya ce, "Malam, wannan hadisi ne?" Ka duba ka ga ba sunan littafi, ba sunan mai ruwaya, sai umarni a ƙarshe cewa a tura wa mutum goma. Haka guntun karatun da aka yanke daga tsakiyar majalisi, ba a san ranar ba, ba a san tambayar da malamin yake amsawa ba, sai a yi ta faɗa a kansa. Alhali aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, kuma Imamu Muslim ya cika gabatarwar Sahihinsa da maganganun magabata irin su Ibnu Sirin da Ibnul Mubarak a kan wajabcin sanin wanda aka karɓo ilimi daga gare shi.

Matsala ta uku kuwa, su kansu shafukan mutuwa suke yi. A shekarar 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da sakamakon wani nazari da ya nuna cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke nan a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a nan Birnin Kudu ya yi ƙarnuka yana nan, wanda ya je zai gani. Shafin intanet kuwa yakan ɓace kafin yaron da aka haifa ranar da aka ɗora shi ya gama firamare.

Fihirisa gadonmu ce

Kada wani ya ɗauka tattara sunayen wuraren ilimi aikin marasa aikin yi ne. A shekara ta 377 bayan Hijira, wato 987 Miladiyya, wani mai sana'ar kwafe littattafai da sayar da su a Bagadaza, Ibnun Nadim, ya kammala littafinsa al-Fihrist, inda ya jera littattafan da ya sani a harshen Larabci da marubutansu, ya kasa su babi goma. Da yawa daga cikin waɗannan littattafai sun salwanta, kuma ba don shi ba da ko sunansu ba mu ji ba. Ƙarnuka bayansa, Haji Khalifa na Istanbul, wanda ya rasu a 1657, ya tattara sunayen littattafai fiye da 14,000 a cikin Kashfuz Zunun. Har gobe malamai suna komawa gare su.

Abin lura shi ne, irin wannan aiki idan ya girma yakan fi ƙarfin mutum ɗaya. Babbar fihirisar lafuzzan hadisi da ake kira al-Mu'ujamul Mufahras, wadda ta ƙunshi littattafan hadisi tara, an fara buga ta a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1936. Wensinck, wanda ya jagoranci aikin, ya mutu a 1939, amma wasu suka ɗora daga inda ya tsaya, har da gudummawar malamin Masar Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi, kuma mujalladi na ƙarshe bai fito ba sai 1988. A nan gida ma, kundin da John Hunwick ya fitar a 1995 a kan rubuce-rubucen Larabci na wannan yanki, wanda ya jera ayyukan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u da ɗaruruwan malaman Kano da Katsina da Barno, aiki ne na hannu da yawa, cikinsu har da malamanmu irin su Hamidu Bobboyi da Muhammad Sani Umar. Abin da nake kira gare shi ƙanin wannan aiki ne, sai dai a maimakon lambar littafi a kan kanta, adireshin shafi za mu rubuta.

Darasi daga waɗanda suka riga mu

Mai karatu zai ce ai akwai kamfanonin da ke yin wannan hidima kyauta. Gaskiya ne an yi su, amma mu dubi ƙarshensu.

A 2003 wani Ba'amurke mai suna Joshua Schachter ya buɗe gidan yanar del.icio.us, inda mutum zai adana adireshin shafi, ya liƙa masa kalmomin da ke nuna abin da ya ƙunsa, kuma kowa ya ga abin da wasu suka adana. Tunanin ya karɓu ƙwarai. Kamfanin Yahoo ya saye shi a ƙarshen 2005, ya sayar da shi a 2011, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu, har a 2017 wanda ya saye shi na ƙarshe ya dakatar da ƙara sabon abu a cikinsa. Connotea, wanda mawallafan mujallar kimiyya ta Nature suka buɗe domin masu bincike, an rufe shi a 2013. Pocket, wanda miliyoyin mutane suke ajiye abin karantawa a ciki, kamfanin Mozilla ya rufe shi a watan Yulin 2025. Mu Hausawa ma mun ɗanɗana. Zaurukan Yahoo da marubuta da manazarta suka yi ta muhawara a ciki kan adabi da harshe da addini tun farkon shekarun 2000, kamfanin ya goge abin da aka adana a cikinsu, sannan ya rufe su baki ɗaya a ƙarshen 2020. Wanda ya zuba hatsinsa a rumbun wani, ranar da mai rumbu ya ga dama ya rushe, ba shi da ta cewa.

To amma ga wani labarin da ya sha bamban. A 1998 aka kafa wata fihirisar shafukan duniya da aka fi sani da DMOZ, wadda dubban masu sa kai suka riƙa tsarawa da hannu, fanni-fanni. Kamfanin AOL da ke riƙe da ita ya rufe ta a watan Maris na 2017. Sai dai tun asali an saki bayanan da ke cikinta a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar kwafa, don haka masu sa kan suka kwashe kayansu suka ci gaba da aikin da sabon suna, Curlie. Kamfani ya janye hannunsa, aikin bai mutu ba, saboda tun farko an yi shi ta yadda za a iya gadonsa.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja rubutu ce, umarni bayan umarni, da maginanta suka rubuta wa kwamfuta. Yawancin kamfanoni suna ɓoye wannan rubutu, su ba ka abin da aka gama kawai. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka baje asalin rubutunta a fili, da lasisin da ya halatta wa kowa ya karanta, ya yi amfani, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Richard Stallman ya fara fafutukar wannan a 1983, ya fitar da lasisin GPL a 1989, wanda ya shar'anta cewa duk wanda ya gyara manhajar ya kuma rarraba ta, dole ya bar gyaransa a buɗe kamar yadda ya samu. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara Linux, mutane daga ko'ina suka sa hannu, kuma a yau duk wayar Android da ke aljihunmu a kan ƙashin bayan Linux take tafiya.

Wanda ya karanta babin waƙafi a fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba: an tsare asali daga sayarwa da mallakewa, an saki amfani ga jama'a. Ba ina cewa lasisin GPL waƙafi ne a hukunce ba, wannan magana ce ta malaman fiƙihu. Ina cewa manufar ta yi kama, kuma Musulmi ya fi kowa cancantar ya gane ta.

Yadda ake aikin ma zai tuna maka da tsangaya. Ba kowa ne ke shiga ya canza abin da ya ga dama ba. Wanda ya ga kuskure ko yake da ƙari zai rubuta gyaransa ya gabatar, waɗanda aka ɗora wa amanar aikin su duba, su karɓa ko su mayar masa da bayani. Kamar almajiri ne ya yi satu a allonsa, ba zai fara hadda ba sai ya kai darasu an gyara masa wasali da ɗigo. Sannan kowane gyara ana rubuta sunan wanda ya yi shi, da ranar, da dalilin, ta yadda bayan shekara goma za a iya bin layi guda a san ta hannun wa ya shigo. Ma'abota isnadi su ne ya kamata su fi kowa jin daɗin wannan tsari.

Kuma ba sai mun fara daga tushe ba. Akwai buɗaɗɗun manhajojin adana adireshi da aka riga aka gina, irin su Shaarli, wadda wani Bafaranshe ya fara, jama'a suka karɓa suka ci gaba da raya ta, da Wallabag, da Zotero wadda Jami'ar George Mason ta Amurka ta fitar a 2006 domin ɗalibai da masu bincike, wadda kuma take ba ƙungiya damar tara maɗauka a wuri guda. Namu shi ne mu zaɓi ɗaya, mu fassara ta zuwa Hausa, mu daidaita ta da buƙatunmu, sannan mu mayar wa masu ita abin da muka ƙara domin wasu su amfana.

Yadda nake ganin aikin

Kowane adireshi da zai shiga fihirisar ya zo da abubuwa shida: sunan abin, wanda ya faɗa ko ya rubuta, inda aka samo shi na asali, taƙaitaccen bayani da Hausa cikin layi biyu ko uku, sunan wanda ya kawo shi, da sunan wanda ya duba. Idan karatu ne, a kawo cikakkensa, ba guntu ba. Idan hadisi ne, a kawo littafi da babi. Sannan a ranar da aka shigar da shi a ajiye kwafinsa a ma'adanar Wayback Machine ta Internet Archive, wadda ke adana hoton shafuka kyauta, domin ko shafin ya mutu a sami gawarsa a karanta.

Kalmomin rarrabewa su zama namu: tsarki, azumi, gado, zakkar amfanin gona, nahawu, tarihin Daular Usmaniyya, jarrabawar JAMB, tallafin karatu, cutar sikila, noman rani. Da gangan na haɗa da na duniya, domin matashin da ya zo neman bayanin taki shi ne gobe zai ga babin zakka a gefensa.

A nan ne masu ilimin kwamfuta za su sami aikin da ba wanda zai yi mana shi daga waje. Manhajar da aka gina a Turai ba ta san cewa wanda ya rubuta "kasa" a wayarsa wataƙila "ƙasa" yake nema ba, domin yawancinmu ba ma sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ idan muna sauri. Ba ta san cewa Usman da Usmanu da Uthman mutum ɗaya ne ba, ko cewa Ɗanfodiyo ana rubuta shi ta hanyoyi da dama. Ba a gina ta domin ƙaramar waya da data ta naira ɗari biyu da sabis mai zuwa yana ɗaukewa ba. Ɗalibanmu da ke karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, ga aikin kammala karatu da zai amfani mutane, maimakon wanda za a ɗaure a ajiye ƙura ta rufe.

Sauran ayyukan ba sa buƙatar sanin kwamfuta. Malamin Islamiyya ya duba ingancin abin da aka kawo. Mai Larabci ya rubuta taƙaitaccen bayani. Mai kyakkyawar Hausa ya gyara rubutu. 'Yan uwa mata, waɗanda su ne suka cika ajujuwan Islamiyyunmu, su riƙe babukan da suka fi kowa sanin inda tambaya take a cikinsu. Wani kuma aikinsa kawai ya bi tsofaffin adireshi duk wata ya ga wanne ya mutu. Haka gayya take: wani da garma, wani da fartanya, wani kawo ruwa ne nasa, da yamma gona ta nomu.

Sharaɗi na ƙarshe, wanda shi ne ginshiƙi: dukkan fihirisar ta kasance kowa na iya sauke ta a fayil guda, kuma mabuɗin gidan yanar kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. Mun sha ganin shafin ƙungiya ya mutu saboda wanda ke riƙe da kalmar sirri ya yi fushi, ko ya tafi hidimar ƙasa, ko Allah Ya yi masa rasuwa.

Amsa ga masu ja

Na san za a ce, idan abu a buɗe yake, ai maɓarnaci zai shigo ya cusa ƙarya. Amsa ita ce buɗe ƙofar karatu da kwafa daban, buɗe ƙofar canzawa daban. Misali mafi kusa shi ne aikin Tanzil, wanda aka fara a 2007 bayan an lura cewa matanin Alƙur'ani da ke yawo a intanet yana ɗauke da kurakuran bugu. Masu aikin suka tace matanin, suka gwada shi da Mus'hafin Madina, sannan suka sake shi ga kowa ya kwafa kyauta, bisa sharaɗin kada a canza komai a cikinsa kuma a ambaci inda aka samo. Manhajojin Alƙur'ani da yawa daga nan suke ɗauka, kuma a cikin tarjamomin da ke wurin har da ta Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. Ƙarya ta fi samun wurin ɓuya a inda ba a san wanda ya kawo ta ba.

Za a ce kuma, ai Google ya wadatar, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke amsa kowace tambaya. Injin bincike yana jera shafuka ne bisa ma'aunansa, ciki har da shahara, kuma yana sa tallace-tallace a sama. Bai san malami daga mai kwaikwayon malami ba. Su kuwa manhajojin da ke amsa tambaya, sananne ne cewa sukan ƙago sunan littafi da lambar shafi da babu su, su faɗa da cikakkiyar natsuwa. Duk yadda na'ura ta ƙware, tana buƙatar mutumin da zai ce na buɗe, na karanta, na tabbatar, ga sunana.

Ja mafi nauyi shi ne na saɓani. Wa zai yanke hukuncin malamin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba, a garuruwan da ɗan Izala da ɗan Ɗariƙa suke zaune ƙofa da ƙofa? Ba zan raina wannan tambaya ba, domin a kanta ayyuka da yawa suka watse. Abin da nake gani shi ne, fihirisa ba majalisar fatawa ba ce. Ibnun Nadim ya jera littattafan mazhabobi da ƙungiyoyi daban-daban, aikinsa shi ne ya faɗi abin da ke akwai da wanda ya rubuta. Ma'auninmu ya zama rubutacce tun ranar farko: a tabbatar maganar ta wanda aka jingina wa ce, a kawo ta cikakkiya, a bayyana mazhaba ko fahimtar mai ita ba tare da zagi ko kambamawa ba, a kuma ƙi duk abin da ya ƙunshi kafirta Musulmi, ko cin mutunci, ko kiran tashin hankali. Masu dubawa su fito daga ɓangarori daban-daban. Idan kuma wasu suka ga ba za su iya zama a inuwa ɗaya ba, lasisin ya ba su damar kwafar aikin su ci gaba da nasu, ba tare da an rushe na farko ba. Rabuwa irin wannan ta fi a yi ta kokawa a kan mabuɗi.

Saura maganar kuɗi da haƙƙin mallaka. Fihirisar adireshi rubutu ce zalla, ba ta da nauyi, kuɗin ajiye ta a shekara bai fi ƙarfin adashin mutum goma ba. Kuma nuna inda abu yake ba ɗaukarsa ba ne. Littafin da mai shi yake sayarwa, mu nuna inda ake sayensa, kada mu nuna inda aka sace shi aka ɗora, domin ba a gina waƙafi da kayan wani.

Daga ina za a fara?

Kada a fara da zaɓen shugaba da sakatare da buga kalanda da neman babban baƙo na musamman. Mun ga ƙungiyoyi da yawa da ƙarfinsu ya ƙare a ranar ƙaddamarwa. A fara da mutum biyar a Birnin Kudu da biyar a Gwaram, kowa ya kawo adireshi goma da ya karanta da kansa ya kuma yarda da su, ɗan uwansa ya duba masa. Ɗari ke nan. Ko a takardar lissafi ta kwamfuta aka fara jera su ya isa, manhaja ta biyo baya. Idan aka ga ɗaliban Sara da Bamaina sun fara tambayar inda fihirisar take, an san aikin ya kama ƙasa. Fihirisa mai adireshi ɗari da aka tantance ta fi mai dubu goma da aka kwaso aka zuba.

Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta yi umarni da taimakekeniya a kan alheri, kuma hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim ya lissafa ilimin da ake amfana da shi a cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa da mutuwar mutum. Ba kowannenmu ne zai rubuta littafi ba, ba kowa ne zai zauna a kujerar tafsiri ba. Amma kowa na iya nuna wa ɗan uwansa ƙofar da ilimi ingantacce yake, ya kuma rubuta ta a inda na baya za su gani.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga yaɗa abin da ba mu tabbatar ba, Ya haɗa kawunan matasanmu a kan alheri. Wanda yake da gyara ko ƙari a kan wannan shawara, ƙofa a buɗe take.